Bugun Zuciyar Rabilu

Masu karatu, wannan kashin ya fi sauran yi mini nauyi, shi ya sa na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajewa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Kyauta, ɗiyar Malam Munkaila mai albasa a Birnin Ƙonni. Abin da zan ba ku ya faru ne a daminar 1975, ina da shekara ashirin da ɗaya, na dawo hutu bayan shekarata ta farko a jami'a, can Abijan.

Bari in fara da abin da nake karantawa, don ko a gidanmu an daɗe ba a gane shi ba. Ilimin yadda jikin mutum ke aiki ne lokacin da yake motsi: abin da zuciya ke yi in an ruga, yadda huhu ke neman iska, abin da ke sa tsoka ta gaji ta riƙe, abin da zufa ke ɗebewa daga jiki da abin da ya kamata a mayar masa. Muna da wani ɗaki mai keken da ba ya zuwa ko'ina. Mutum ya hau ya yi ta tuƙi da tiyo a baki, numfashinsa na taruwa cikin wata ƙatuwar jaka, mu kuma muna aunawa muna rubutawa. Da safe muna fili muna gudu, da rana muna aji gaban ƙwarangwal ɗin roba. Mu biyar gwamnati ta ba burs, wato kuɗin karatu, daga ƙasarmu, ni kaɗai ce mace.

A unguwarmu kuwa an taƙaita duk wannan cikin kalma huɗu: Kyauta na koyon tsalle.

Ni na ƙara wa kaina. Cikin wauta na sako wani hoto a ƙasan akwatina, wanda aka ɗauke mu bayan tsere, ina sanye da gajeren wando da riga mai lamba. Gwaggo Takama, yayar Baba, ita ta taya Inna zazzage akwatin don a shanya kaya, ita ta ci karo da shi. Ta ɗaga shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake matso da shi, sannan ta kifa shi bisa tabarma kamar wanda ya ga abin da ke karya alwala. Ta juya mini baya. Inna ta gaya wa, ina tsaye, cewa ƙafar ɗiya mace ba ta hoto ba ce, kuma wanda ya bar ɗiyarsa ta kai haka bai da bakin yi wa ƴaƴan wasu faɗa.

Tun daga ranar Inna ta tasa ni gaba. Ba da zafi ba, Inna Uwani ba ta iya zafi ba. A bakin murhu take yi, ko muna surfe, ko tana tsefe mini kai. Akwai gurbin malama a lakwal, makarantar boko ta ƴan mata, an ce in na nema za a ba ni. Ga Rabilu ya jira ni shekara uku bai dubi kowa ba. Sa'o'ina duk suna goyon na biyu. A ɗaura aure bayan an yanke gero, in zauna kusa, ta riƙa ganina. Har atamfa ta fara tarawa cikin kwalla, wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye, wata ja mai ganye, tana fito da su tana shinshinawa tana mayarwa.

Kada ku ɗauka tilas ake yi mini. Rabilu ni na zaɓe shi, kuma in da za a mayar da ni baya shi zan sake zaɓa. Ɗan garin Tsarnawa ne, ɗan abokin Baba, yana aikin lodin buhuna a kamfanin siminti na Malbaza. Ban da wannan ɗan kokawa ne, irin wanda in makaɗi ya kira sunansa tsofaffi ke gyara zama. Kaka uku a jere ba wanda ya kai shi ƙasa daga Bazaga har Dogarawa. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, amma in yana magana sai ka matso, don muryarsa ba ta kai girman jikinsa ba. Saboda ni ya shiga ajin manya ya koyi boko. Wasiƙunsa bisa takardar buhun siminti yake rubuta su, ya yanke ta daidai da wuƙa, ya kakkaɓe ƙurar. Waɗanda suka same ni a Abijan, in na buɗe ambulan sai ɗan farin gari ya zubo mini bisa cinya. Ɗaya daga ciki na haddace ta: “Kyauta, ina lahiya. An yi ruwa ranar Talata. Na kada mutum biyu a Gidan Idar. In kin ga teku ki duba mani ko da gaske ba ya da ƙarshe.”

Shi bai taɓa cewa in bar karatu ba. Bai kuma taɓa cewa in ci gaba ba. Wannan shirun nasa ya fi maganar Inna damuna.

Baba ne kaɗai ya tambaye ni kai tsaye. Wata safiya muna ƙarƙashin rumfa yana ware albasar da ta fara lalacewa, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Wanga karatu naki, in an ƙare shi, mi mutum ke zama?”

Na gyara kallabina na zauna sosai, don na daɗe ina jiran wannan tambaya. Na ce mutum na iya koyarwa a lise, wato babbar sakandare, ya koya wa yara yadda za su riƙe jikinsu. Yana iya aiki tare da likitoci, ya taimaki wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya sake koyon tafiya, ko yaran da shan-inna ya taɓa, a ƙarfafa musu abin da ya rage. Yana iya horar da ƴan gudu da ƴan ƙwallo da sojoji, ya san iyakar da jiki ke ɗauka kafin ya karye. Na ce ko masu aikin ƙarfi cikin zafi, irin su Rabilu, akwai ilimin yadda za su ɗaga kaya bayansu bai mutu ba, da lokacin da ya kamata su sha ruwa da ɗan gishiri.

Ya jefa wata ruɓaɓɓiyar albasa gefe. Ya tambaya ko likita zan zama ke nan. Na ce a'a, amma an koya mana mu san lokacin da za mu ce wa mutum ya tafi wurin likita. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ma aiki ne, don ya san mutane da dama da suka rasa mai gaya musu haka. Ya koma kan albasarsa. Baba ba ya yanke magana sai ya juya ta ya ga bayanta.

Ranar Lahadi Rabilu ya zo, kamar yadda ya saba, a bayan kamyon, babbar motar ɗaukar siminti. Ya sa riga fara mai aiki a wuya, ya shafa turaren da nake gane shi da shi tun daga zaure. Ya kawo labari: bayan kaka za a yi babbar kokawa a Tawa, ta manyan ƴan kokawar ƙasa, kuma kafin nan za a tace na yankinmu a Illela. Idonsa na ƙyalli yana faɗa. Sai ya dube ni ta gefe ya ce tunda an ce na karanto sirrin ƙarfi, in sammasa kaɗan.

Wallahi daɗi ya kama ni. Karon farko ke nan da wani a Ƙonni ya nemi abin da na sani. Na shiga ɗaki na ɗauko agogon gudu da aka raba mana a makaranta, na sa aka mirgino wani kututturen gawo mai tsayin gwiwa zuwa ƙofar gida inda Baba ke zama. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, minti biyar, sannan ya zauna a ƙirga bugun jininsa a ga yadda zuciya ke saurin komawa daidai. Ta ƙaƙƙarfan mutum nan da nan take natsuwa. Da yake ba zan kama hannunsa gaban mutane ba, na nuna wa Baba inda zai ɗora yatsu biyu ƙasan babban yatsa, shi ya ƙirga, ni in riƙe agogo.

Rabilu ya cire rigar ya miƙa wa Baba, ya fara yana dariya. Minti biyu yana zolaya, yana cewa wannan ai wasan yara ne. A minti na huɗu ya daina magana. Na lura leɓɓansa sun yi wani irin toka-toka, na ce a raina zafi ne. Da ya zauna, Baba ya kama hannun, na danna agogo. Baba ya fara ƙirga a fili, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa.

“Kyauta,” ya ce, “wanga abu ba ya tahiya daidai. Tuntuɓe yake.”

Na ce ƙila yatsunsa ne suka goce. Ya ce shekara arba'in yana taɓa albasa yana sanin ruɓar da ke cikinta, yatsunsa ba su gocewa. Ya matsa ya ce in zo in ji da kaina.

Ranar na fara taɓa hannun Rabilu. Sau nawa na kwanta a ɗakin makaranta ina tunanin yadda wannan rana za ta kasance, ban taɓa kawo ta haka ba. Bugun na gudu, sai ya tsaya kamar ya manta, sai ya zo biyu a haɗe, sai ya sake gudu. Na jira minti ɗaya, biyu, biyar. Bai natsu ba. Jijiyar wuyansa na harbawa ina gani. Shi kuwa murmushi yake, yana kallon hannuna bisa nasa.

Na tambaye shi, kamar da wasa, ko ya taɓa wani dogon ciwo yana yaro. Ya ce sau ɗaya, yana wajen shekara goma: maƙogwaro ya fara, sai zazzaɓi, sai gwiwa ta kumbura, ta saki ta koma gwiwar hannu, ta koma idon sahu. Wata biyu yana kwance, aka yi masa tsaga ya tashi. Ya faɗa yana alfahari, wai tun daga nan ko mura ba ta kama shi.

Masu karatu, wannan darasin mun yi shi a watan Maris. Har shafin nake gani a idona, da zanen ƙofofin zuciya, da muryar dattijon malaminmu yana cewa irin wannan zazzaɓin yakan tafi ya bar tabo a ƙofar zuciya, mutum ya yi shekaru yana ji da ƙarfi, rana ɗaya a tsakiyar fili ya faɗi. Ya ce duk wanda muka ji wa irin wannan bugu, mu dakatar da shi, mu aika shi asibiti, ko da zai zage mu.

Ni kuwa na saki hannun Rabilu na ce, “Ƙarfi kam akwai.”

Baba ya dube ni. Ya miƙa wa Rabilu rigarsa.

Mako guda na yi da abin a cikina. Ina daka, ina tankaɗe, ina kai wa Baba hura rumfa, amma hankalina na wuri ɗaya. Na buɗe littattafaina ina neman inda zai nuna mini na yi kuskure. Shekara ɗaya tak na yi, me na sani? Wace ce ni da zan tsaya gaban mutumin da ke ɗaga buhu biyu a kafaɗa in ce masa zuciyarsa ba ta da lafiya? In na yi shiru, ƙila ba abin da zai faru. In na yi magana, na raba shi da abin da ya sa ake kiran sunansa. Akwai kuma wani tunani da nake jin kunyar rubutawa, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba: na ji tsoron in na faɗa zai daina kallona kamar yadda ya kalle ni ranar, ya koma ganina mai kawo mugun labari.

Ranar Alhamis Baba ya karɓi ƙwaryar hura, ya riƙe ta bai sha ba. Ya ce, “Kin ce an koya maku sanin lokacin da za ku aika mutum wurin likita. Ko ba a kai ga koya maku hwaɗin ba?”

Lahadin da ta biyo, na gaya wa Rabilu a zaure, Baba na waje inda zai iya jin mu. Na zana masa zuciya a ƙasa da tsinke, na nuna masa ƙofofin, na ce ina jin ɗaya ba ta rufuwa daidai. Na ce ni ba likita ba ce, ina iya yin kuskure, kuma ina roƙon Allah ya sa kuskuren na yi, amma kada ya sake shiga fili sai an duba shi a asibitin Galmi. Ya saurara har na gama. Sannan ya sa tafin ƙafa ya shafe zanen a hankali.

Ya tambaya ko abin da ake koya mana ke nan, mu nemo ciwo a jikin masu lafiya. Na ce ya gaya mini gaskiya, bai taɓa jin duhu ya rufe masa ido ba yana lodi? Ya ce sau biyu, ya farka ya ga ana yayyafa masa ruwa, amma rana ce, kowa rana na kada shi. Na ce in yana sona ya je. Ya ce wannan ba adalci ba ne. Na ce na sani.

Ya je. Baba ne ya raka shi, suka yi sammako ranar Laraba, suka dawo da la'asar. Tun daga yadda Baba ya cire takalmi na gane. Likitan ya saurari ƙirjin ya daɗe, ya kira wani suka saurara tare, aka ɗauki hoto. Abin da na ji tsoro shi ne. An ba shi ƙwayoyi, an ce allura duk wata, an ce ya nemi aikin da ba na ɗaukar kaya ba. Kokawa kuwa, an ce ya manta da ita. In ya kiyaye zai iya daɗewa. In bai kiyaye ba, ba wanda zai ba shi tabbacin kaka mai zuwa. Rabilu bai shigo gidanmu ba ranar. Daga tasha ya wuce Malbaza.

Na zaci daidai ɗin da na yi zai ba ni wani sauƙi. Ban taɓa ƙin karatuna kamar wannan yammacin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ban shirya masa ba. Labari ya zaga, kuma bakin da ke cewa in yi aure in zauna shi ne ya juya. Gwaggo Takama ta zo da mayafinta mai ruwan ƙasa, ta zauna bisa kujerar tsakar gida, ta ce Allah ne ya rufa asiri da ba a ɗaura ba, wa zai kai ɗiyarsa inda za ta yi takaba da ƙuruciya. Har ta ce ashe karatun tsallen na da rana. Inna ta rufe kwallar atamfa ta tura ƙarƙashin gado. Da muna wanke-wanke ta ce, a hankali, ta yi tunani, gara in koma Abijan in ƙarasa, shekara biyu kamar gobe ne, kafin nan kowa ya san inda ya dosa. Abin da na kwana ina roƙo a ba ni, ga shi an miƙo mini, amma sai na ji kamar an ɗora mini dutse.

Na ce, “Inna, da ni ce anka ce zuciyata ta taɓu, kina so ya gudu?”

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, “Ke ni na haifa. Shi uwarshi ta yi mishi wanga tunani.”

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Tsoro ne irin na uwa.

A Tsarnawa kuma wata magana ce ta tashi: wai na ga zan zama babbar ma'aikaciya, na nemi hanyar yar da ɗan lodi, na haɗa baki da asibiti. Wasu suka ce abokan karawarsa ne suka yi masa jifa ta hannuna. Na rubuta masa wasiƙa uku, na ba Illo, direban kamyon da ke kawo shi. Ba amsa. Lahadi huɗu suka wuce zauren na wofi. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka. Takardar komawata ta zo: in kasance a Yamai ranar Litinin, jirgi na tashi Talata. Aka tsayar zan bi motar safiyar Juma'a.

Ranar Alhamis da hantsi Illo ya tsaya ƙofar gida, bai kashe mota ba, ya miƙo mini takarda ninke huɗu. Layi biyu ne: “Kyauta, gobe Juma'a ana kokawar Illela bayan la'asar. Sunana na ciki.”

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune. Ban nuna wa kowa ba. Na gama haɗa akwati, na bar Inna ta cusa mini ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kuɓewa, na bar ta ta ƙunsa mini lalle. Da safe na sa atamfata koriya da farin mayafi, na durƙusa na yi sallama. Baba ya tafi gona duba masu yanka tun da asuba, mun riga mun yi bankwana. A tasha na tarar da motar Yamai ana ɗaure kaya a samanta. Na tsaya ina kallonta har yaran mota suka gaji da tambayata. Sai na kai akwatina rumfar wata mai tuwo da ta san Inna, na ce ta aje mini, na shiga motar da ke bin hanyar Tawa.

Kada ku tambaye ni me na yi niyyar yi. Ban sani ba. Na san dai in wani abu ya same shi ina kan hanyar Doso, ba zan ƙara iya riƙe hannun kowa in ƙirga ba.

Na isa Illela rana ta karkata. Filin na bayan kasuwa, an zuba rairayi an kewaye da buhuna, mutane sun yi dafifi har bisa itatuwa. Mata na can gefe guda, na kutsa cikinsu har na kai gaba. Na hango shi zaune cikin mutanensa, ya yi ɗamara, layu a damtse da ƙugu, an shafa masa mai yana sheƙi. Ya rame kaɗan, ko idona ne. An yi karo uku ban ga ko ɗaya ba. Sannan makaɗin ya sauya kiɗa, ya fara jero kirarin Rabilu, filin ya ɗauka gaba ɗaya.

Ya miƙe. Na so in kira shi, amma ko na kira wa zai ji. Abokin karawarsa wani gajere ne mai kauri daga Badagishiri, ya shigo yana taka rawa. Rabilu bai yi rawa ba. Ya taka har tsakiyar fili, ya tsaya, ya dubi jama'a gabas da yamma kamar mai son ya haddace fuskokinsu. Alƙali ya ba da alama. Gajeren ya duƙa ya miƙo hannu.

Sai Rabilu ya sa gwiwoyinsa biyu a ƙasa, ya dafa rairayi da tafin hannu.

Ga wanda bai san kokawa ba, wannan faɗuwa ce. Ba wanda ya taɓa shi. Kiɗan ya yanke a tsakiya. Na ji wata tsohuwa kusa da ni tana salati ƙasa-ƙasa. Gajeren ya tsaya da hannu a miƙe, ya rasa abin yi, daga baya ya kama kafaɗar Rabilu ya tashe shi. Rabilu ya ɗaga hannun mutumin sama da kansa, ya kwance ɗamararsa, ya ninke ta, ya aje gaban makaɗin da ya yi shekara bakwai yana yi masa kiɗa. Wasu suka fara gunaguni, wani ya yi ihun tsoro ne ya kama shi. Bai waiwaya ba.

Ta gefen mata ya fito, ashe ya daɗe da ganina. Ya tsaya taku biyu daga inda nake, rairayi manne a gwiwoyinsa. Ya ce bai so a ce ya ɓace ne kamar ɓarawo, a fili ya samu sunan, a fili ya so ya aje shi. Ya ce ya karanta wasiƙuna duka ukun, bai amsa ba don duk abin da ya rubuta a lokacin zai ji kunyarsa daga baya. Na ce motata ta tafi. Ya ce ganina a nan ya gaya masa haka.

“Akwai wata gobe,” ya ce. “Ki shige ta. Kin karanto abin da ba ni iyawa, Kyauta. Ki koma ki karanto mani abin da nike iyawa.”

Na tambaye shi ko zai jira. Ya ɗan yi murmushi ya ce wannan tambayar ba shi za a yi wa ba yanzu, a yi wa likita, a yi wa Innata. Ya juya ya bi ta bayan rumfunan kasuwa, a hankali, ba irin tafiyar da na san shi da ita ba.

Na goge fuskata da bakin mayafi, na juya in nemi hanyar tasha. A gindin wata bedi, wato dogon yaro, nesa kaɗan da taron, Baba na tsaye da kayan gona a jikinsa, ƙaiƙayin gero a hularsa, akwatina aje kusa da ƙafarsa. Ban san tun yaushe yake wurin ba, ban san abin da mai tuwo ta gaya masa ba, ban san abin da ya baro a gida ba. Na ƙarasa na durƙusa, na kasa ɗaga ido.

Ya cire hularsa ya kakkaɓe ƙaiƙayin. Sannan ya dubi hanyar da Rabilu ya bi.

“Tashi ki kira shi,” ya ce. “Na juya maganar aurenku na ga bayanta. Ku biyu nike son gani, kuma ba ni maimaita abin da za ni hwaɗi.”